Malamina Bayahude ya roƙe ni in raka shi ibadar Yom Kippur a Istanbul: me za mu tarar?

"Assalamu alaikum. Ni injiniya ne daga Kaduna, Musulmi. A watan Satumba zan halarci wani taron ƙwararru a Istanbul tare da tsohon malamina na jami'a, wani dattijo Ba'amurke Bayahude. Babbar ranar azuminsu, Yom Kippur, ta faɗo a tsakiyar taron. Bai taɓa zuwa garin ba, bai san kowa a can ba, ga shi da ciwon gwiwa, ni kuwa na saba zuwa. Ya roƙe ni in taya shi neman wurin ibada, in raka shi, in ma shiga in zauna idan ina so. Za su bar mu mu shiga kuwa? Me zan sa, me zan kiyaye? Ba na son in ba shi kunya, ba na kuma son in yi abin da ya saɓa wa addinina."

Wa alaikumus salam, Injiniya. In na fahimce ka, abu uku kake tambaya: yadda za ku samu shiga, yadda za ka zauna a ciki ba tare da ka yi kwaɓa ba, da kuma inda iyakarka take a matsayinka na Musulmi. Na daɗe ina koyar da tarihin addinai, na kuma sha kai ɗalibai wuraren ibadar Yahudawa a ƙasashen Turai, don haka biyun farko zan yi maka bayaninsu yadda ya kamata. Na ukun akwai ɓangaren da ba hurumina ba ne, zan nuna maka shi idan mun iso.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, baƙi biyu ne za su doshi ƙofar nan. Kai kana ganin malaminka ɗan gida ne, kai ne baƙo. A Istanbul shi ma baƙo ne, kuma ta wata fuskar baƙuncinsa zai fi naka nauyi, domin kai ba ka sa ran komai, shi kuwa zai shiga da tunanin abin da ya saba ji tun yana yaro, ya tarar da wani abu dabam.

Wace irin rana ce

Yom Kippur ita ce ranar 10 ga watan Tishri na kalandar Yahudawa, ita ce Ranar Kafara, kuma ba su da ranar da ta kai ta girma. Lissafinsu na wata ne, sai dai suna ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowace shekara 19, shi ya sa ranar ba ta zagaya shekara yadda Ramadan ke yi, kullum tana tsakanin tsakiyar Satumba da tsakiyar Oktoba. A 2026 tana shiga da yammacin Lahadi 20 ga Satumba, ta fita da daren Litinin 21. Azumin kimanin awa 25 ne a jere, daga dab da faɗuwar rana har taurari su fito washegari, babu ci babu sha, babu wanka, babu shafa mai, babu takalmin fata, babu kusantar iyali. Ga kuma duk hanin ranar Asabar a kai: ba a aiki, ba a rubutu, ba a taɓa kuɗi, ba a kunna wuta ko waya, ba a hawa mota. Kwana tara kafin ta ake shiga sabuwar shekararsu, kuma a imaninsu a wannan rana ake rufe hukuncin abin da zai sami mutum a shekarar. Saboda haka rana ce ta tuba da neman gafara. Ba a cewa mutum barka da shagali. Abin da suke gaisawa da shi shi ne "gemar hatima toba", fatan a rufe wa mutum littafinsa da alheri, kai kuma in ka ce masa Allah ya sa a sha ruwa lafiya ya wadatar.

Ka san hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura. Masana tarihi da dama suna danganta wancan azumin da wannan rana ta goma ga wata, ko da yake dalilin da hadisin ya ambata, wato tsirar Annabi Musa daga Fir'auna, Yahudawan yau a wani biki dabam suke tuna shi, Idin Ƙetarewa na watan Nisan. Na kawo wannan ne don in hira ta kai ku can a jirgi, kada ka ɗauka abu ɗaya ne sak.

Aiken ya riga zuwa

An ce zuwa da kai ya fi aike, amma a wannan harka wanda ya je da kansa ba tare da aike ba a waje zai tsaya. Yahudawan Turkiyya ba su da yawa, kusan 15,000 ne, mafi yawansu a Istanbul, kuma al'amuransu na addini suna ƙarƙashin ofishi guda, na babban malaminsu da ake kira Hahambashi. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne baƙo ya tuntuɓi wannan ofishi tun kafin ya iso, ya aika hoton shafin fasfonsa, ya faɗi ranar da yake son zuwa, a sa sunansa cikin takardar da ke hannun masu gadi. Wanda sunansa ba ya ciki, ko shi malamin Attaura ne, da wuya a buɗe masa.

Kada ka ɗauki wannan wulaƙanci. Ran 6 ga Satumba 1986 'yan bindiga sun shiga majami'ar Neve Shalom da ke unguwar Galata ana tsakiyar ibadar Asabar, suka kashe mutum 22. Ran 15 ga Nuwamba 2003 aka tayar da motoci biyu masu bam, ɗaya a ƙofar Neve Shalom, ɗaya a Bet Isra'el da ke Shishli, fiye da mutum 20 suka mutu, akasarinsu ma Musulmi ne masu wucewa da masu shaguna a layin. Ita kanta ranar Yom Kippur an sha zaɓenta don kai hari: Halle ta Jamus a 2019, inda ƙofa mai ƙarfi ta hana maharin shiga, da Manchesta ta Ingila a 2025. Mutanen da suka ga wannan ba za ka zarge su ba idan sun yi maka tambaya goma kafin su ɗaga sakata.

Shawarata, malaminka ne zai rubuta, ba kai ba, kuma ya rubuta makonni kafin tafiya, domin a kwanakin bukukuwan ofisoshin a rufe suke, babu mai amsa waya. Ya faɗi majami'ar da yake zuwa a garinsu, in da hali malamin majami'ar ya haɗa masa da 'yar wasiƙa. Sannan ya ambace ka ɓaro-ɓaro: sunanka kamar yadda yake a fasfo, cewa kai Musulmi ne ɗan Najeriya, tsohon ɗalibinsa, kuma za ka raka shi ne saboda ƙafarsa. Ɓoye wannan shi ne kuskure mafi muni. Na ga ƙungiyar ɗalibai da aka mayar daga bakin ƙofa a wani gari a Turai saboda mutum ɗaya da ba a sa sunansa ba, alhali da an faɗa tun farko da an karɓe shi. Amsar da za ta zo iri uku ce. Ko su ce ku zo ku biyu, ko su ce shi ya shiga kai ka kawo shi ƙofa ka dawo ɗaukarsa, ko su tura ku wata majami'ar da ta fi kusa da masaukinku. Ta biyun ba abin mamaki ba ce a irin wannan rana, kuma hukuncin nasu ne, ka karɓa da fuska a sake.

Zai iya tambayarka zancen tikiti. A Amurka da Ingila majami'u da yawa sai da tikiti ake samun kujera a waɗannan ranaku, domin kamar sallar Idi ce a wurinmu, wanda ba a gani duk shekara ranar zai ɓullo da iyalinsa, wuri ya yi kaɗan, kuma da kuɗin kujerun ake riƙe ginin. Matafiyi yakan zo da takarda daga majami'arsa a ba shi wuri kyauta. Ya dai tambayi ofishin ko akwai abin biya, ya biya kafin ranar ko bayanta. Ranar kanta ba a miƙa kuɗi.

Sai masauki. Idan yana kiyaye hanin hawa mota, otal ɗin dole ya zama inda ƙafa za ta kai shi. Galata tudu ce mai gangara, titunanta na dutse, mai ciwon gwiwa da ke azumi zai ji jiki. Shishli ta fi shimfiɗa. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana hawa mota a ranar, domin Yahudawan Amurka da yawa, musamman na ɓangarorin nan masu sassauci da ake kira Reform da Conservative, suna hawa. Ka kuma tambaye shi zancen lif da katin buɗe ɗaki. Mai tsananin kiyayewa ba zai ce maka kunna min fitila ba, sai dai ya ce ɗakin nan da duhu. In ka ji haka ka gane.

Abin da zai ba shi mamaki

Mafi yawan Yahudawan Amurka Ashkenazawa ne, kakanninsu daga Jamus, Folan, Rasha da maƙwabtansu suka fito. Na Istanbul kuwa mafi yawansu Safardawa ne, jikokin waɗanda aka kora daga Sifen a 1492, Sarki Bayazid na Biyu ya karɓe su a daular Usmaniyya. Sun zo da harshensu, Ladino, tsohon Sifaniyanci da ya gauraya da Ibrananci da Turkanci, wanda yanzu sai a bakin tsofaffi da cikin wasu addu'o'i. Ginshiƙin ibadar ɗaya ne, amma littafin addu'a ya bambanta, lafazi ya bambanta, karin murya kuwa ya bambanta ƙwarai. Mai jan addu'a a Istanbul da maƙamai irin na kiɗan Turkawa yake rerawa. Na lura ɗalibaina Musulmi sukan fi ɗan Amurka saurin sabawa da wannan sauti, kunnensu ya riga ya san hanyarsa daga ƙira'a.

Ibadar daren farko ana buɗe ta da Kol Nidre, wata sanarwa da harshen Aramiya da ake maimaitawa sau uku, ta warware alwashin da mutum ya ɗauka tsakaninsa da Ubangiji ya kasa cikawa. Ba ta shafi bashi ko alkawari tsakanin mutum da mutum ba. A wurin Ashkenazawa tana da wani kari mai sosa zuciya da kowa ya haddace, mutane da yawa don shi kaɗai suke zuwa. Malaminka ba zai ji wannan kari a majami'ar Safardawa ba. Haka kuma addu'ar tuna matattu da ake kira Yizkor, wadda a Amurka jama'a ke yi tare a ranar, ba ta cikin tsarin Safardawa a wannan siffa, su suna da tasu hanyar ta ambaton mamaci da sunansa. Dattijo da ya binne iyayensa, wataƙila da matarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Saboda haka ka gaya masa Istanbul tana da majami'ar Ashkenazawa, a titin Yuksek Kaldirim da ke gangarawa Karakoy, an buɗe ta a 1900. Ya ambace ta a wasiƙarsa in ita ya fi so, sai dai ya tuna titin nan hawa ne sosai.

Ya kuma san cewa majami'un Turkiyya na gargajiya ne. Maza a ƙasa, mata a bene ko a bayan shamaki, addu'a kusan duka da Ibrananci, babu kayan kiɗa, huɗuba in an yi da Turkanci. Wanda ya saba zama kusa da matarsa ana sanar da lambar shafi da Turanci zai ɗan rikice. Ya zo da littafinsa mai fassara, ko da jerin bai dace daidai ba zai riƙa gano inda aka kai. Ya kai shi ko ya tambaya yadda za a yi tun kafin rana ta faɗi, in yana cikin masu kiyaye hanin ɗaukar kaya a titi.

Bayan an ɗaga sakata

Ku iso da wuri, ba jaka, fasfonka a aljihu, waya a kashe ɗungurungum. Kada ka ɗauki hoton ginin ko da daga tsallaken titi ne, kada ka yi ta kai-kawo a layin kana jiransa. Mai gadi zai tambaye ka wa ka sani, me ya kawo ka, a ina ka sauka. Gaskiya ita ce baƙar fata mai suna Muhammad ko Abubakar da koren fasfo zai sha tambaya fiye da wani. Ka amsa gajere, ka amsa daidai da abin da ke cikin wasiƙa.

Tufafi ba matsala. Kaftani mai tsabta ya yi, fari ma ya fi dacewa, domin da yawansu fari suke sawa a ranar. Namiji dole ya rufe kai, kuma hularka ta gida, kube ko zanna, ta isa, ba sai ka karɓi 'yar ƙaramar da ake ajiyewa a bakin ƙofa ba. Ba a cire takalmi. Za ka ga dattawa cikin kwat mai tsada da takalmin roba ko na yadi a ƙafa, hanin fata ne ya jawo. Kai bai hau kanka ba, amma ni nakan sa na yadi don kada in fita dabam. Kada ka shiga da ruwa, goro ko cingam.

Karin maganar nan ta cewa in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura, rabinta ne ke aiki a nan. Akwai abin da za ka bi, akwai wanda su da kansu ba sa son ka bi. Idan aka buɗe ma'ajin da ke bangon gaba, inda naɗaɗɗun fatun Attaura suke, kowa zai miƙe, kai ma ka miƙe, wannan ladabi ne. Littafi in an miƙo maka ka karɓa, daga dama yake buɗewa, kada ka ajiye shi a ƙasa. Amma mayafin addu'a mai geza a kusurwa huɗu, wanda maza ke yafawa, na Yahudawa ne, in an ba ka ka ce na gode, ni baƙo ne. Haka in wani ya zo ya raɗa maka cewa za a kira ka gaba wurin karatun Attaura ko buɗe ma'aji, karramawa ce da ake yi wa baƙo, ka gaya masa kai ba Bayahude ba ne, zai gode maka ya wuce. Wannan ya fi muhimmanci a ƙaramar majami'a, inda ake ƙirga maza goma kafin wasu addu'o'i su halatta. Kada a ƙirga da kai bisa kuskure.

Za ka ga suna jera laifuka da bakin jam'i, mun ci amana, mun yi ƙarya, mun zalunta, kowane ɗaya ana ɗan bugun ƙirji da dunƙulen hannu. Za ka ga a ibadar rana wasu sun kai goshi ƙasa, abin da ba sa yi sauran kwanakin shekara in ban da sabuwar shekara. Babu wanda zai sa ran ka yi ko ɗaya. Zama shiru ko tsayuwa shiru ya ishe ka. Wani abu kuma da ke ba baƙo mamaki a majami'un Safardawa da yawa: ana tsaka da ibada sai wani ya miƙe ya fara gwanjo, ana ɗaga yatsa ana ƙara farashi. Ladan buɗe ma'aji ko karanta wani sashe ake saye, kuɗin na majami'a ne da mabukata, kuma alkawari ne kawai, bayan biki ake biya. Ka riƙe hannunka a cinya lokacin. Za ka iya ganin ana zagayawa da ganye mai ƙamshi ko ɗan itace da aka soka wa kanumfari ana shinshinawa, yana farfaɗo da mai azumi, wannan in ya iso gare ka babu laifi.

Siyasa ka bar ta a otal. Ko me ke ranka game da Gaza, mutanen da ke kewaye da kai 'yan Turkiyya ne da suka zo neman gafara da yunwa a cikinsu, ra'ayoyinsu kuma ba ɗaya ba ne. In kana da magana, malaminka na nan, ga sauran kwanakin taro.

Wane lokaci za ka zauna, da zancen sallarka

Ibadodin biyar ne: ta dare, ta safe, ta ƙari da ke biye da ita, ta la'asar, da ta rufewa da ake kira Ne'ila. Daga safe zuwa dare kusan a majami'a ake wuni, da ɗan hutu a tsakiya. Ban ga dalilin da zai sa ka zauna duka ba, kuma kujerar da ka tare da rana wataƙila wani ɗan gida ne ke tsaye dominta. Da ni ne, zan kai shi da safe in koma taro, in dawo da la'asar. A lokacin ne ake karanta labarin Annabi Yunus daga farko har ƙarshe, jirgi, ƙuri'a, kifi, tuban mutanen Ninawa, labarin da ka sani. Daga nan a shiga Ne'ila, kimanin awa guda, ma'aji a buɗe, mai iko yana tsaye har ƙarshe, muryoyin da suka dushe da rana su sake tashi, a rufe da shaidar kaɗaita Ubangiji da busa ƙahon rago. A lokacin ne kuma malaminka zai fi bukatar kafaɗarka. Sai dai ka tabbatar tun a wasiƙa cewa za a bar ka ka shiga da yamma, domin fita da dawowa ba ko'ina ake yarda da shi ba.

Rana tana faɗuwa a Istanbul wajen ƙarfe 7 a wannan lokaci na shekara. Kol Nidre kafin faɗuwarta ake farawa, Ne'ila kuma bayan faɗuwarta ake gamawa, ke nan ko wacce ka zaɓa magariba za ta same ka a ciki. Masallatai na nan kusa, Arab Jami a Karakoy ɗan taku ne daga Galata, amma kada ka shimfiɗa darduma a harabar majami'a. A nan ne hurumina ya ƙare. Hukuncin shigar Musulmi wurin ibadar Ahlul Kitabi malaman fiƙihu sun yi saɓani a kansa, haka ma sharuɗɗan haɗa salla ga matafiyi. Ka kai wa malamin da kake bi, ka yi masa bayani kamar yadda na yi maka: rakiyar dattijo mara lafiya ce, ba za ka furta addu'arsu ba, ba za ka yi sujada ba. In ya ce ka tsaya a ƙofa, ka tsaya, rakiyar da ka yi wa dattijon har ƙofa ta riga ta cika alkawari. In kuma sha'awar ganin wurin ce ke ranka, gidan tarihin Yahudawan Turkiyya yana manne da Neve Shalom, ana shiga da fasfo a ranakun aiki, a can za ka yi tambaya son ranka.

Abu na ƙarshe lafiyarsa ce. Ka tambaye shi tun kafin azumi wane magani yake sha, ko yana da ciwon suga ko hawan jini. A shari'arsu ceton rai yana gaba da azumi da duk wani hani na ranar, don haka in ka ga jiri ya ɗebe shi kada ka tsaya jin nauyi, ka sanar da na kusa, ka kunna waya ka kira 112. Ka ajiye masa ruwa da ɗan abu mai zaƙi a ɗaki tun da rana, ka kuma yi magana da mai tasi ya jira ku a babban titi, domin masu gadi ba za su bar mota ta tsaya a bakin ƙofa ba.